Fatawa: Zuba jari a Libiya da sharaɗin uwar kuɗi ba za ta taɓu ba

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan gini a Sabon Garin Zariya. Ƙanin maiɗakina ya daɗe a Bangazi ta ƙasar Libiya. Da aikin tayil ya fara, yanzu kuma yana sayar wa 'yan kwangila siminti da rodi a wani shago da ke da sunan wani Balarabe ɗan ƙasar. Ya ce tun da yaƙi ya lafa gini ake yi ba dare ba rana, kaya ba sa kwana. Ya nemi in tura masa naira miliyan 20, zai riƙa ba ni kashi 5 cikin ɗari duk wata, bayan shekara ya dawo min da kuɗina cif, ko an ci riba ko an faɗi, shi ya ɗauki lamuni. Miliyan 12 nawa ne, miliyan 8 kuma gadon 'ya'yan yayana marigayi ne da ke hannuna. Wani abokina mai karatu ya ce ko da a ce kuɗin ruwa ne, Libiya ƙasar yaƙi ce, Imamu Abu Hanifa kuwa ya halatta kuɗin ruwa a ƙasar yaƙi. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, kai dukiyarka Libiya don fatauci halal ne, babu saɓani a kan haka. Sayar da siminti ga mutumin da yaƙi ya rushe wa gida har lada ake samu idan niyya ta gyaru. Kakanninmu ma sun yi ciniki da mutanen Gadamas da Tarabulus shekaru aru-aru. Abin da ya ɓata naka cinikin sharuɗɗa biyu ne da ƙanin maiɗakinka ya gindaya don ya kwantar maka da hankali: ya yanke maka abin da za ka riƙa karɓa duk wata, ya kuma lamunce maka uwar kuɗi. Da zarar waɗannan biyun sun haɗu, abin ya tashi daga ƙiradi, wato ka ba mutum jari ya juya ku raba riba, ya koma bashin da ya jawo amfani. Miliyan ɗayan da za ta riƙa shigo maka duk wata kuɗin ruwa ce, ko da kun kira ta riba, ko da shi da bakinsa ya nema. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'i a kan ɓacin ƙiradin da aka yanke wa ɗayan biyun adadin kuɗi sananne.

Akwai ƙissar da Imamu Malik ya buɗe babin ƙiradi da ita a Muwaɗɗa, wadda ta yi kama da halinka ƙwarai. Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, sun fita da rundunar da ta tafi Iraƙi. Da za su dawo suka biya ta Basara wajen gwamnanta Abu Musal Ash'ari. Ya ba su rancen dukiyar baitulmali da yake son aikawa Madina, ya ce su sari kayan Iraƙi su sayar a Madina, su miƙa wa Sarkin Musulmi uwar kuɗi, riba kuma tasu. Da suka iso Umar ya tambaye su ko duk rundunar aka ba irin wannan rance. Suka ce a'a. Ya ce to don ku 'ya'yan Sarkin Musulmi ne, ku kawo kuɗin da ribar duka. Abdullahi ya yi shiru. Ubaidullahi kuwa ya ce wannan bai kamace ka ba, ai da dukiyar ta ragu ko ta halaka mu za mu biya. Daga ƙarshe wani a majalisar ya ba da shawarar a mai da shi ƙiradi, Umar ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba, su kuma suka ɗauki rabi. Ka dubi hujjar Ubaidullahi: wanda asara za ta hau kansa shi ke da haƙƙin riba. Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kai kuwa an yi maka tayin zomo, an ce wani ne zai yi gudun.

Saboda haka zaɓi na gare ka. In kana son kuɗinka su dawo cif, ka ba shi rance don Allah, ribar duka tasa ce, ba ka da ko kwabo a kai. In riba kake so, ku ƙulla ƙiradi na gaskiya: a raba abin da aka samu rabi da rabi, ko kashi biyu da ɗaya cikin uku, yadda kuka yarda, kuma rabon daga ribar ne ba daga uwar kuɗi ba. Idan aka faɗi ba tare da sakacinsa ko ƙetare sharaɗi ba, kai ka yi asarar dukiya, shi ya yi asarar wahalarsa. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a raba riba sai kaya sun koma kuɗi an ga uwar kuɗi ta cika, ba a kuma ɗaure ƙiradi da wa'adin shekara. Ku rubuta a wane kuɗi aka ƙidaya jarin ranar da ya karɓa, naira ko dala ko dinari. Kai da ka ga yadda naira ta zube bayan Yunin 2023 ba sai an yi maka dogon bayani ba. Akwai hanya ta uku, wato ka sayi kayan da kanka su shiga mallakarka da lamuninka, sannan ka sayar masa bashi da ƙarin da kuka yanke. Wannan ya halatta, amma daga Zariya zuwa Bangazi da wuya ya wuce ciniki a takarda, cinikin takarda kuwa dabara ce kawai.

Ban ce ƙanin maiɗakinka maƙaryaci ne ba. Abin da ya faɗa game da gine-gine gaskiya ne. Libiya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin mai a ƙarƙashin ƙasa, wajen ganga biliyan 48, mutanenta kuma ba su fi miliyan 7 da wani abu ba. An gwabza a cikin Bangazi daga 2014 zuwa 2017, tsakiyar birnin ta rushe, ambaliyar Satumbar 2023 kuma ta share wani yanki na Darna bayan madatsun ruwa biyu sun fashe. Dole a nemi siminti. Amma kusan duk kuɗin da ɗan kwangila zai biya shi daga mai suke fitowa ta hannun gwamnati, gwamnatin kuwa biyu ce: ɗaya a Tarabulus, ɗaya a gabas inda Halifa Haftar ke da ƙarfi. An tsagaita wuta a Oktoban 2020, zaɓen da aka sa a Disambar 2021 bai yiwu ba. A Janairun 2020 aka rufe tashoshin fitar da mai na tsawon wata takwas, abin da ake haƙowa ya faɗo daga fiye da ganga miliyan 1 a rana zuwa wajen dubu 100. A Agustan 2024 rikici kan kujerar gwamnan babban banki ya sake jawo rufe rijiyoyi. Dinarin da gwamnati ke canzawa 1.4 a kan dala ya koma 4.48 a farkon 2021, aka sake karya shi a Afirilun 2025 zuwa kusan 5.57. Yaron da ke baƙunci a irin wannan ƙasa, shagon ma ba da sunansa ba, da me zai cika maka alkawarin kashi 60 cikin ɗari a shekara ranar da ɗan kwangila ya ce ba a biya shi ba? Ɗayan biyu zai faru: ya riƙa gutsuro maka uwar kuɗinka yana cewa riba ce don kunya, ko ya ci bashin wani ya biya ka. Wannan lamunin da kake ganin kariya ce gare ka, shi ne zai jefa shi cikin ƙarya.

Maganar abokinka kuwa tana buƙatar tsayawa, domin na sha jin ta a bakin masu zuwa Turai, yanzu ga shi an jawo ta har kan ƙasar Musulmi. Gaskiya ne an ruwaito daga Imamu Abu Hanifa da almajirinsa Muhammadu ɗan Hasan cewa Musulmin da ya shiga darul harbi, wato abin da abokinka ya kira ƙasar yaƙi, da izini zai iya karɓar dukiyar kafirin wannan ƙasa da yardarsa, ko da ta hanyar cinikin da ya ɓaci a wajenmu. Dalilinsu shi ne dukiyar wannan kafiri ba ta da kariyar Musulunci tun asali, yaudara kaɗai aka hana. To ko da mun karɓi wannan ra'ayi ɗungurungum, bai taɓa mas'alarka ba. Darul harbi a wajen malaman fiƙihu ƙasar kafirai ce da babu alkawarin zaman lafiya tsakaninta da Musulmi. Ba a nufin duk inda aka harba bindiga. Da haka ne, da Basara ta zama darul harbi ranar yaƙin Raƙumi, wanda Musulmi suka gwabza a junansu. Abu Hanifa da kansa ya fi kowa tsanantawa kafin a ce ƙasar Musulunci ta koma ƙasar yaƙi: sai hukuncin kafirci ya bayyana a cikinta, ta haɗa iyaka da darul harbi, kuma ya zama babu Musulmi ko ɗan amana da ya rage cikin amincinsa na farko. Mutanen Libiya Musulmi ne, Malikawa irinmu, ana kiran salla a Bangazi sau biyar kamar yadda ake yi a Kwarbai ta birnin Zariya, majalisarsu ma ta kafa dokar hana kuɗin ruwa a 2013. Sannan wa zai biya ka ƙarin? Ƙanin matarka ne, Musulmi haifaffen Zazzau. Hanafawan da kansu sun ce fatake biyu Musulmi da suka shiga darul harbi kuɗin ruwa haramun ne a tsakaninsu. Kai ma ba shiga ka yi ba, kana zaune a Sabon Gari.

Ra'ayin kansa kuma mai rauni ne. Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa, ya saɓa masa, haka Auza'i da Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa. Hadisin da ake jingina wa tabi'in nan Makhul, cewa babu kuɗin ruwa tsakanin Musulmi da kafirin yaƙi, mursali ne, wato ba a ambaci sahabin da aka karɓo shi daga gare shi ba, Imamu Shafi'i ya ce bai tabbata ba. Ba a ware wani yanki daga haramcin da Alƙur'ani ya yi shelar yaƙi a kansa da irin wannan ruwaya. Hanafawan sun kuma kafa hujja da cewa Annabi (SAW) bai soke kuɗin ruwan baffansa Abbas ba sai a hajjin bankwana, wai hakan na nuna yana karɓa a Makka kafin a buɗe ta. Amsa ita ce abin da aka soke ragowar basussukan jahiliyya ne da ke wuyan mutane, kuma Makka ta zama ƙasar Musulunci tun shekara ta 8 bayan hijira, huɗubar kuwa a shekara ta 10 aka yi ta. Da yanayin ƙasa ne dalili, da maganar ta ƙare ranar buɗe Makka. Abin da aka haramta wa Musulmi yana bin sa duk inda ya sa ƙafa, kamar yadda giya da zina ba sa halatta don an ƙetare iyaka. Ka gaya wa abokinka, cikin ladabi, ya daina yaɗa wannan.

Yanzu abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wanda ka ambata a tsakiya kamar ƙaramin abu: miliyan 8 na marayu. Ko da kun gyara ƙiradin ya zama halal tsantsa, ban halatta maka tura ko naira ɗaya daga cikinsu ba. Na san za a ce Sayyidina Umar ya yi umarni a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta, kuma na san hauhawar farashi na cin ta a ajiye. Amma malamai sun sharɗanta amincin hanya da amincin wuri, Allah kuma ya ce kada a kusanci dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Wurin da ba za ka iya zuwa ka duba ba, ba ka da takarda, ba ka da kotun da za ka kai ƙara, bai cika wannan sharaɗi ba. In ka tura suka salwanta, kai za ka biya daga aljihunka. Ka saya musu fili mai takarda, ko ka juya musu a shagonka inda idonka yake, da littafi daban, da shaidu biyu, mahaifiyarsu kuma ta sani.

Naka miliyan 12 kai ke da iko da su. Shawarata kada ka tura abin da in ya tafi shagonka zai girgiza. Ka fara da kaɗan ka ga zagaye ɗaya. Ka tambayi matsayin Balaraben nan a rubuce, domin a idon hukumar can kayan da ke shagon nasa ne, in ya rasu magadansa ba su san da kai ba. Ka sharɗanta wa yaron nau'in cinikin: kada kuɗinka su shiga fasa-ƙwaurin man da gwamnati ke sayar wa talakawanta da rahusa, ko cuwa-cuwar karɓar dala a farashin gwamnati da takardun kayan da ba a shigo da su ba, ko ginin da aka san a kan filin da aka ƙwace wa waɗanda yaƙi ya kora ake yin sa. Wajen turawa ta hannun 'yan canji, a yanke farashi a kuma kammala karɓa a zama ɗaya. Shigar kuɗi asusu na zaman karɓa a wajen malaman wannan zamani. Kada kuma zumuɗi ya sa ka ko wani yaronka ya bi ta Agadas da Sabha don a je a gani da ido. Abin da ya sami 'yan Najeriya a wannan hanya, har labarin sayar da mutane da ya fito a 2017, ya isa gargaɗi.

Ka zauna da maiɗakinka kafin ka ba ƙaninta amsa. Ka nuna mata cewa cire lamunin sauƙi ne gare shi, domin ranar da kasuwa ta juya ba zai zama mai bashin mijin yayarsa ba, ita ma ba za ta tsaya tsakanin miji da ɗan'uwa ba. Idan ya ƙi yarda a rubuta, ko ya ƙi nuna maka lissafin shagon na watannin baya, ka riƙe kuɗinka, ka yi masa kyautar abin da ya sauƙaƙa don zumunci.

Wallahu a'alamu.