Wayata Tana Hawa Wi-Fi da Kanta, Akwai Haɗari?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu. Wani mai gyaran waya a unguwar PZ ne ya saita mini Wi-Fi ɗin makaranta, yanzu da na shiga harabar sai wayar ta hau da kanta. Ƙawata ta ce ta haka ake sace wa mutum lambar sirri. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba, Samaru, Zariya.

AMSA: Barka kadai, 'yata. Ƙawarki tana da gaskiya, amma ba hawan da wayar ke yi da kanta ne abin tsoro ba. Haka aka tsara shi.

Wi-Fi na jami'a ya bambanta da na gida, inda kowa ke amfani da lambar sirri ɗaya. A tsarin da ake kira WPA2-Enterprise, kowane ɗalibi da sunansa da lambarsa, kuma kwamfutar makaranta ce ke tantance shi kafin ta buɗe masa hanya. A kan wannan aka gina eduroam, wato Wi-Fi ɗin haɗin gwiwa na jami'o'in duniya, wanda aka faro a ƙasar Holan a 2002, yau kuma yana ƙasashe fiye da 100. Ɗalibin da makarantarsa ke cikinsa, ko Ingila ya je wayarsa za ta hau ba tare da sabon saiti ba.

To ina matsalar? Sunan Wi-Fi ba shi da mai shi. Kowa zai iya zuwa da 'yar na'ura a jaka, ya zauna kusa da ɗakin karatu, ya raɗa mata sunan na makaranta. Wayarki kuwa suna take bi. Abin da ke hana ta ruɗuwa shi ne takardar shaidar da kwamfutar makaranta ke nuna mata kafin ta miƙa bayananki, kamar yadda ba kya buɗe ƙofa da dare sai kin ji muryar mai sallama. A wajen saiti akwai gurbin wannan takardar shaida, inda aka rubuta CA certificate. Masu gyaran waya da yawa, don sauri, sai su zaɓi Do not validate, wato kada a bincika. Shi ke nan, waya ta zama mai gaskata kowa. Saboda haɗarinsa ne wayoyi da dama suka cire wannan zaɓi tun daga Android 11, amma tsofaffin wayoyi har yanzu suna da shi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ma shi ne mai gyaran ya ga lambarki. Idan da ita kike shiga imel ko shafin rajista, ki canza ta yau.

Sannan ki goge tsohon saitin, ki je ofishin kwamfuta na makarantarku su saita miki da takardar shaidarsu. Idan eduroam ne, manhajar geteduroam tana yin aikin da kanta. Ki tafi da katinki na ɗaliba, kuma ki shigar da sabuwar lambar da hannunki.