Amsa ga 'yar'uwar da ba ta da shaidar bayarwa

'Yar'uwa, kin ce kina jin wasu suna ba da shaidar manyan al'ajibai a sujada, ke kuwa kin duba rayuwarki ba ki ga abin faɗa ba. A ganina babban abu kawai kike nema, shi ya sa.

Ki duba Maimaitawar Shari'a 8:4 a Littafi Mai Tsarki. Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa shekara 40 suna jeji, tufafinsu ba su tsufa ba, ƙafafunsu ba su kumbura ba. Wa zai tashi ya yi shaida don rigarsa ba ta yage ba? Amma Musa ya lissafa shi cikin amincin Ubangiji. Manna ma, abincin da Ubangiji ya ba su a jeji, ta rana ɗaya ake tarawa, sai jajiberin Asabar, har suka saba da ita suka fara gunaguni. Sabo ne ke rufe mana ido.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta roƙonki da kwanan wata. Bayan 'yan watanni ki koma ki karanta. Mukan manta abin da muka roƙa da zarar an amsa. Wasu za ki tarar har yanzu shiru, ki ci gaba da kai su gaban Ubangiji.