Me ya sa ɗanɗanon vermouth ke canzawa bayan an buɗe kwalba?

Tambaya: Malam, ina aiki a sashen abin sha na wani otal. Muna da kwalbar vermouth da aka buɗe wata huɗu da suka wuce, tana kan kanta tare da wiski. Yanzu baƙi na cewa haɗin da muke yi da ita ya yi lami. Mene ne vermouth, kuma ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar wurin ajiya ce. Vermouth giyar inabi ce da aka ƙara mata barasa, aka jiƙa ganyaye da kayan ƙamshi a ciki: kirfa, kanumfari, ɓawon lemu, da ganyen Artemisia mai ɗaci, dangin tazargade. A dokar Tarayyar Turai, dole aƙalla kashi 75 cikin ɗari ya zama giyar inabi, ƙarfinta kuma daga kashi 14.5 zuwa ƙasa da 22. Tana bugarwa sosai, mai gudun barasa ya kiyaye, ko a girki ya gan ta.

Wiski yana da ƙarfin kashi 40, shi ya sa yake shekaru a kan kanta lafiya lau. Vermouth ba ta kai nan ba. Da zarar iska ta shiga, ƙamshin ganyen ya fara gudu, launin ya dushe, ɗanɗanon ya koma tsami-tsami. Zafi yana ƙara hanzarta abin. A toshe ta da kyau, a sa a firji, a rubuta ranar buɗewa a jiki, a ƙarar cikin wata ɗaya ko biyu. Taku ta wata huɗu sai zubarwa. Idan ba a yawan nema, ku riƙa sayen ƙaramar kwalba.

Iri biyu ne manya. Ja mai zaƙi, wadda Antonio Benedetto Carpano ya fara sayarwa a Turin ta Italiya a 1786, yawanci ƙonannen sukari ne ke ba ta launi. Sai fara maras zaƙi ta Faransa, irin Noilly Prat. Kada a musanya su.

Ga ma'aunin haɗi biyu da ake yi da ita. Negroni: mililita 30 na jin (barasar da ake kira gin), 30 na Campari (wata barasa ja mai ɗaci ta Italiya), 30 na jar vermouth. Dry Martini: 60 na jin, 10 na farar vermouth. A juya da dogon cokali cikin ƙanƙara kamar daƙiƙa 30. Girgizawa tana shigar da kumfa da ɓarɓashin ƙanƙara, sai haɗin ya daina zama garau ya yi ruwa-ruwa.