Maganar hannu ce ke ɓata wa ɗana Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara tara ya kurumce sakamakon sanƙarau tun yana goye. A makarantarsu da hannu ake koyar da su, amma idan ya rubuta Turanci sai kalmomin su fito a birkice. Kawunnansa sun ce maganar hannun ce ta jawo haka, wai in hana shi yin ta a gida. Mene ne shawararku?
Wata uwa, daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya shi. Kada ki hana shi. An taɓa gwada shawarar kawunnan nasa, domin a 1880 taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa a bar hannu a koma karatun leɓe, aka yi shekaru da dama yara suna fita makaranta ba maganar, ba karatun, har taron ya janye wannan matsayi a birnin Vancouver na Kanada a 2010.

Abin da kike gani a littafinsa ba shirme ba ne. Maganar hannu harshe ce mai nahawunta, wadda sau da yawa take fara kawo lokaci, sannan ta ɗora tambaya a kan gira da yanayin fuska. Saboda haka yaron da ya rubuta abin da ya yi kama da "jiya ni kasuwa tafi" yana zuba kalmomin Turanci ne a tsarin harshensa, su kuwa ƙananan kalmomin haɗi yakan zubar da su tunda bai taɓa jin su a kunne ba.

Ki kuma duba nauyin da ke kansa. A unguwa yana yin maganar hannu irin ta Hausawa, a aji kuma alamomin da ake amfani da su sun samo asali ne daga na Amurka, waɗanda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya yaɗa ta makarantar da ya buɗe a Ibadan a 1960. Ga Turancin allo a kai, wanda da ido kaɗai zai koye shi.

Ki roƙi malaminsa ya riƙa bayyana labari da hannu tukuna, sannan ya nuna yadda Turanci ke jera shi a rubuce. Ke ma ki koyi haruffan Turanci 26 da ake nunawa da yatsu, shi da kansa zai koya miki, ki liƙa sunan ƙofa da randa da buta a jikinsu da Turanci, kuna harhaɗawa tare bayan sallar isha'i.