Fuskata na zafi kamar an shafa mata barkono

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni daga Garwa nake, shekarata 34, ƙosai nake soyawa da safe. Kumatuna da hancina suna zafi suna feso ƙananan ƙuraje, likita ya ce wai rosacea ce ya ba ni magani, amma da ta lafa sai ta dawo. Ƙawata ta ba ni wani kirim na kasuwa, shi ke ɗan kwantar min da ita. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu Allah ya ba ki lafiya. Kirim ɗin nan shi ya fi damuna wallahi. Duba jikin kwalin, in kin ga an rubuta clobetasol ko betamethasone to irin maganin nan ne mai ƙarfi da ake zubawa a mayukan bilicin, zai kwantar miki da fuska kwana kaɗan sannan ya sirantar da fata, ƙurajen su dawo fiye da da, ki sake shafawa, haka za ki yi ta zagaye. Kai wa likitan kwalin ya nuna miki yadda za ki janye shi, don in aka daina shafa shi fuskar takan fara tashi kafin ta lafa, kar tsoro ya sa ki koma wa kirim ɗin.

Rosacea ba ta warkewa gaba ɗaya amma ana iya riƙe ta, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Zafi ne babban mai tayar da ita, ke kuwa ga murhu ga ranar Garwa da ke wuce digiri 40 a Maris da Afirilu. Ba zan ce ki bar sana'arki ba, sai dai ki ja baya da kaskon, ki zauna inda iska ke kaɗa hucin gaba, ki ajiye ruwan sanyi kina kurɓa. Shayi ki bari ya huce. Yajin kilishi da barkono ki rage, fita rana kuma sai da lema ko man kare rana mai SPF 30 (lambar ƙarfin kariyarsa da ake rubutawa a jikinsa). Iskar hunturu da ɓacin rai ma suna tayar da ita.

Amma fa kowa da nasa, wata yaji bai dame ta ba. Samu ɗan littafi, duk ranar da fuskar ta tashi rubuta abin da kika ci da inda kika yini, cikin wata ɗaya za ki fara gane naki. Ki daina dirje fuska da soso, sabulu mara ƙamshi ya isa. In idonki ya fara ja yana ƙaiƙayi kamar da yashi a ciki ki koma asibiti da wuri, don tana taɓa ido.