Tambaya da Amsa: Me ya hana a ƙera mana ƙaramin jirgin Kumasi zuwa Takoradi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tsohon ma'aikaci ne mazaunin Asawase a nan Kumasi, kuma tun da na ajiye aiki na shiga sha'awar haɗa ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur, bayan da ɗana ya aiko mini da wani saiti na kamfanin Hornby daga Ingila. Abin da ke damuna shi ne, duk kawunan jirage da taragun da ake samu na Ingila ne ko na Jamus ko na Amurka, alhali kuwa abin da raina ke so shi ne jirgin dare da muke hawa daga Kumasi zuwa Takoradi, da taragun koko da na katako da muka taso muna gani. Me ya hana kamfanonin nan su ƙera irin namu? Kuma idan ni da wasu abokaina da ke Nima a Akra za mu rubuta musu, wane samfuri ya fi dacewa mu roƙa? Daga mai karatu a Asawase, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Burin da ka bayyana ba naka ba ne kai kaɗai, domin hatta a Ingila, inda wannan sha'awa ta yi jijiya, masu ita sukan kaɗa ƙuri'a a kan jiragen da suke fata a ƙera, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka zaɓa sukan shekara da shekaru ba a taɓa su ba. Sai dai namu lamarin yana da cikas biyu, kuma na farkonsu yana ƙarƙashin jirgin ne, wato faɗin layin dogo.

Layin da Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗawa daga Sekondi a 1898, wanda ya isa Tarkwa a 1901 kuma ya shigo Kumasi a 1903, da kuma na Akra zuwa Kumasi da aka kammala a 1923, dukkansu tazarar da ke tsakanin ƙarafansu milimita 1,067 ce, yayin da yawancin layukan Turai da Amurka suke da milimita 1,435. Ma'aunin da aka fi sayarwa a duniya, wanda ake kira HO, yana rage komai zuwa kashi 1 cikin 87, kuma layinsa na milimita 16.5 an lissafa shi ne daga wancan faffaɗan layi. Saitinka na Hornby yana kan ma'aunin OO na Ingila, kashi 1 cikin 76, amma shi ma layinsa 16.5 ne. Idan aka raba 1,067 gida 87, abin da zai fito ya ɗan haura milimita 12 kaɗan, don haka kan jirgin Gana da aka ƙera da gaskiya a ma'aunin HO ba zai hau layin da ke kan teburinka ba. Ka ga ke nan kamfanin da zai yi mana shi yana da zaɓi biyu marasa daɗi: ko dai ya faɗaɗa ƙafafun jirgin ya ɓata siffarsa, kamar yadda kamfanin Lima na Italiya ya yi da jiragen Afirka ta Kudu da ya taɓa sayarwa a kan layin 16.5, ko kuma ya ƙera shi daidai ya rasa mafi yawan masu saye.

Cikas na biyu kuɗi ne. Jikin waɗannan jirage roba ce da ake narkawa a ɗura cikin mazubin ƙarfe da aka sassaƙa da siffar jirgin har zuwa kan ƙusoshi da tagogi, kuma sassaƙa wannan mazubi shi ke cinye jarin tun kafin a sayar da guda ɗaya. Yawancin manyan kamfanonin, har da Hornby da Bachmann, a masana'antun ƙasar Sin ake yi musu aikin, kuma masana'anta ba ta kunna inji saboda guda hamsin. Lamarin daidai yake da na masaƙar atamfa, wadda ba za ta zana sabon zane saboda ankon gida ɗaya ba sai ta tabbata zai shiga kasuwa. Wasu kamfanoni, irin su Rapido na Kanada, sukan sanar da samfuri su jira odar masu saye kafin su shiga ƙira, amma ko a nan ma adadin mutanen ne abin dubawa, kuma masu wannan sha'awa a Kumasi da Akra ba su kai su ɗauki nauyin mazubi su kaɗai ba.

Saboda haka, Baba, shawarata ita ce kada ku ɓata wasiƙarku wajen roƙon jirgin dare cikakke da fentinsa da rubutunsa. Ku roƙi abin da wasu ƙasashe za su taya ku roƙo. Faɗin layin nan namu na 1,067 shi ne na tsofaffin layukan Najeriya, da na Afirka ta Kudu da maƙwabtanta irin su Zambiya da Zimbabuwe, da Sudan, da Niyu Zilan, da jihar Kwinslan ta Ostareliya, da yawancin layukan Japan. Abu na farko da ya cancanci roƙo shi ne ƙasan kan jirgi kawai, wato firam da ƙafafu da giya da ɗan injin lantarkin da ke juya su, wanda aka daidaita da layin milimita 12, a kuma sayar da shi ba tare da jiki ba. Wannan shi ne ɓangaren da hannu ba ya iya yi da kyau a gida, domin kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a giya ya isa ya sa jirgi ya riƙa tsalle ko ya tsaya cak a kwana. Layin kansa ba matsala ba ne, tun da kamfanonin Peco na Ingila da Tillig na Jamus suna sayar da na milimita 12. Sauran aikin kuwa, wato jiki da rufi da tagogi, ana iya yanka su daga fallen roba ko a buga su da na'urar 3D, kuma a garin da ke da masu aikin hannu irin na Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, ba za a rasa wanda zai gyara ɗan ƙarfe ko tagulla ba.

Idan kuma dole sai an ambaci kan jirgi ɗaya da sunansa, ni Garratt zan zaɓa, wato dogon kan jirgin tururi da kamfanin Beyer Peacock na birnin Mancesta ya yi fice wajen ƙerawa, mai tukunya a tsakiya da inji biyu gaba da baya, kowanne a kan ƙafafunsa, abin da ke ba shi damar bin kwana mai tsanani da jan kaya mai nauyi a kan dogo mara ƙarfi. An kawo wasu nan lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da ƙasar take Gold Coast, kuma irinsu sun yi aiki a Najeriya da Saliyo da Kenya da kudancin Afirka. Masu tara jirage a Turai suna ƙaunarsa saboda siffarsa, don haka roƙonku zai faɗa cikin kunnen da ya riga ya ji irinsa. Bayan shi sai taragun kaya marasa fenti: rufaffe na buhunan koko, buɗaɗɗe na gungumen katako, da irin wanda ke ɗauko manganis daga Nsuta zuwa tashar ruwan Takoradi. Tarago ba shi da inji, saboda haka ƙirarsa ta fi araha, kuma mutum ɗaya yakan sayi goma ko fiye, wanda shi ne lissafin da ɗan kasuwa ke son ji. 

Akwai kuma hanyoyi biyu da ba sa bukatar jiran kowa. Idan ka gina jiragenka a ma'aunin kashi 1 cikin 64, layin 16.5 da kake da shi yanzu ya zama daidai da namu kusan ba ragi, kuma haka masu wannan sha'awa a Niyu Zilan suka daɗe suna yi. Idan kuwa ɗakin ƙarami ne, ma'aunin kashi 1 cikin 120 a kan layin milimita 9 shi ma ya dace, kuma ana iya aron ƙasan kawunan jiragen kamfanin Kato ko na Tomix na Japan, waɗanda aka san su da tafiya sumul.

Sabon layin Tema zuwa Mpakadan, mai tsawon kusan kilomita 97, wanda aka ƙaddamar a 2024, shi faffaɗa ne na 1,435, kuma jiragen fasinjansa ƙirar kamfanin Pesa ne na ƙasar Folan. Wannan jirgin Gana ne da zai zauna a kan layin HO ba tare da an yi masa kwaskwarima ba, saboda haka ya dace ku ambace shi a wasiƙar, ko da yake na san ba shi ne zuciyarka ke nema ba.

Game da wasiƙar kanta, ku haɗa ta da hotuna daga gaba da gefe da baya, da tsawo da faɗi da tsayin kowane tarago, domin mai zane ba ya aiki da tunanin tsofaffi sai da awo. Ku nemi izinin hukumar jirgin ƙasa kafin ku shiga harabar Sekondi ko Takoradi da tef da kyamara, ku kuma tuntuɓi tsofaffin ma'aikatan reluwe a kan launin fenti da lambobin da ke jikin taragun, tun da yawancin hotunan zamanin tururi baƙi da fari ne.