Tabon Ya Warke, Ƙashin Fa?

Tambaya: Likita, mako bakwai ke nan da aka yi mini tiyatar haɗe gaɓoɓin ƙashin baya biyu a ƙugu, waɗanda ake kira L4 da L5. Ciwon da ke sauka ƙafata ya tafi, ɗinkin ma ya warke sarai. Shin zan iya komawa aikina na ɗaukar kaya? Kuma ina shan taba sigari.

Amsa: Malam, ina yi maka barka da samun sauƙi, amma ina roƙonka ka dakata, domin warkewar fata daban take da warkewar ƙashi. Ƙusoshi da sandunan ƙarfen da aka sa maka aikinsu kawai su riƙe gaɓoɓin nan biyu kada su motsa, har gutsattsarin ƙashin da aka cusa a tsakaninsu ya tsiro ya maishe su ƙashi guda. Wannan tsiro kan ɗauki wata uku zuwa shida, wani lokaci ma sai an kusa shekara kafin ya yi ƙwari sosai. Idan ka sunkuya ka ciccibi kaya mai nauyi yanzu, ƙusa na iya sassautawa, haɗin kuma ya ƙi kamawa, a sake mayar da kai ɗakin tiyata.

Maganar tabar ce ta fi damuna. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana matse ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da sabon ƙashin, shi ya sa haɗin ya fi ƙin kamawa ga masu shan taba. Ka daina ta gaba ɗaya, ko da sai ka nemi taimakon likita. Haka nan kada ka sha magungunan ciwo irin su ibuprofen sai da izinin wanda ya yi maka aikin, saboda suna iya jinkirta haɗewar.

Tafiya a ƙafa ita ce babban motsa jikinka yanzu, kullum kana ɗan ƙara nisa. In za ka tashi daga gado, mirgina ta gefe kafaɗa da ƙugu tare, ka sauke ƙafafu, sannan ka dafa ka miƙe. Abin da ya faɗi ƙasa kuma ka lanƙwasa gwiwa ka ɗauka, bayanka a miƙe.

Zazzaɓi, ruwa daga tabon, kumburin ƙafa ɗaya, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, duk suna buƙatar zuwa asibiti nan take. Aikin ƙarfi kuwa sai hoton ƙashi ya nuna haɗin ya kama, likitanka ya ba ka dama.